MASU BIN MAKAƊA GARI GARI: Labarin Mabiyan Grateful Dead a Amurka

A ƙasarmu makaɗi ne yake bin jama'a. In ana biki, ko suna, ko naɗin sarauta, sai a aika masa da goro, ya ɗauko kayan kiɗansa da 'yan amshinsa ya zo. In an watse kowa ya koma gidansa, shi kuwa makaɗi ya nufi wani gari. Ba mu saba ganin mai sauraro ya kulle ɗakinsa, ya bar gona ko makaranta, ya bi makaɗi daga Jos zuwa Kaduna, daga Kaduna zuwa Kano, daga can kuma sai Maiduguri, alhali ba ya cikin 'yan amshi, ba kuwa mai biyansa ko kwabo.

Amma a ƙasar Amurka an yi haka, mutane dubbai kuwa suka yi. Shekara 30 cur samari da 'yan mata suka yi ta bin waɗansu makaɗa daga wannan birni zuwa wancan. Waɗansu sukan bi na mako guda lokacin hutu. Waɗansu kuwa sun yi shekaru ba su da wani mazauni sai cikin mota. Mun ga ya kamata mu kawo wa masu karatu labarinsu, gama abin da ya fitar da waɗannan matasa daga gidajen iyayensu ba baƙon abu ba ne ga duk gidan da yake da 'ya'ya masu tasowa. In mun san abin da suka tafi nema, da abin da suka samu, da abin da suka rasa, za mu fi sanin yadda za mu yi magana da namu.

Su wane ne makaɗan?

Sunan ƙungiyar Grateful Dead. An kafa ta a shekarar 1965 a jihar Kalifoniya, kusa da birnin San Faransisko. Irin kiɗansu shi ne wanda ake ce wa rok, watau kiɗan jita mai aiki da lantarki haɗe da ganguna, lasifika kuma tana ƙara masa ƙarfi. Samari biyar suka fara ta: Jerry Garcia, wanda jama'a suka ɗauka shi ne jagora, da Bob Weir, da Phil Lesh, da Bill Kreutzmann, da Ron McKernan. A 1967 Mickey Hart ya shigo, sai suka zama suna da masu ganga biyu. Akwai kuma Robert Hunter, wanda yake tsara kalmomin yawancin waƙoƙinsu, ko da yake ba ya cikin masu hawa dandamali.

Ma'anar sunan ita ce "matattu masu godiya". Garcia ne ya ci karo da shi cikin ƙamus. Asalinsa wata tatsuniya ce da ake samu a ƙasashe da yawa. Wani matafiyi ya iske gawar da aka ƙi binnewa saboda bashin da ake bin mamacin, sai ya biya bashin aka yi jana'iza. Can gaba wani baƙo ya taimake shi cikin wahala, ashe mamacin ne ya komo ya rama alheri. Masu bin ƙungiyar kuwa ana kiransu Deadheads, watau waɗanda kansu ya cika da Grateful Dead. A nan za mu kira su mabiya.

Zamanin da suka taso zamani ne na hargitsi a Amurka. Ana yaƙin Biyetnam, ana ɗibar samari soja tilas, matasa da yawa kuma sun juya wa al'adun iyayensu baya. Suka taru a wata unguwa ta San Faransisko mai suna Haight-Ashbury, suka bar gashi ya yi tsawo, suna zama gida ɗaya su da yawa. Su ma makaɗan a wannan unguwa suka zauna. Wasanninsu na farko sun yi su ne a tarurrukan da ake shan wata ƙwaya mai suna LSD, wadda take sa mutum ya riƙa ganin abin da babu. A lokacin ba a hana ta ba tukuna, sai a watan Oktoba na 1966 dokar Kalifoniya ta haramta ta. Mai karatu ya riƙe wannan, domin ƙwayar nan ta bi ayarin har ƙarshen tafiyarsa.

Me ya sa gani ɗaya bai isa ba?

Mutum zai yi tambaya, in ka ji makaɗi yau, me za ka koma nema gobe da jibi? Amsar tana cikin yadda suke wasa. Yawancin makaɗan rok sukan shirya waƙoƙi kamar 20, su yi ta maimaita su a kowane gari daidai yadda suke a faifai. Su kuwa Grateful Dead suna da waƙoƙi ɗaruruwa, kowane dare kuma sai su zaɓi dabam. Ko waƙa ɗaya ce, yau tana iya ɗaukar minti biyar, gobe su ja ta har minti 20, suna ƙaga kiɗan nan take, wannan ya fara wancan ya amsa. Wasa ɗaya yakan kai awa uku, da hutu a tsakiya. Wani dare abin ya yi armashi, wani dare ya lalace, ba kuwa mai iya faɗa tun da wuri. Saboda haka mabiyi yakan ji tsoro kada daren da bai je ba ya zama shi ne daren da za a yi ta labarinsa shekara da shekaru.

Daga 1965 zuwa 1995 sun yi wasa fiye da 2,300. In aka raba, kowace shekara suna yin 75 ko fi. Sukan zagaya ƙasar a lokatai sanannu, da bazara, da tsakiyar shekara, da kaka, sa'an nan su rufe shekara a gida Kalifoniya. A gari ɗaya sukan yi dare biyu ko uku a jere. Amurka kuwa ƙasa ce mai faɗi. Daga San Faransisko zuwa Niyu Yok a mota kusan mil 2,900 ne, ya fi tafiya daga Kano zuwa Legas sau huɗu.

Makaɗan da kansu sun yi abubuwa uku da suka ɗaure mabiya da su. Na fari, a jikin wani faifai da suka fitar a 1971 suka sa sanarwa cewa duk mai ƙaunarsu ya aiko da sunansa da adireshinsa. Daga nan suka riƙa aika wa dubban mutane takardar labarai ta gidan waya. Na biyu, daga 1983 suka buɗe ofishinsu na sayar da tikiti ta wasiƙa, domin mabiya na gaske su samu kafin 'yan baranda su saye su tsawwala kuɗi. Mabiya kuwa sukan yi wa ambulan ɗinsu zane mai ban sha'awa, da fatan ma'aikaci zai lura da ita cikin tarin wasiƙu. Na uku, suka bar mutane su ɗauki kiɗansu a kaset. Sauran makaɗa suna ganin wannan sata ce, su kuwa daga 1984 har wuri suka keɓe wa masu rakoda. Sharaɗi ɗaya ne, kada a sayar da kaset ɗin, sai dai a yi musaya ko a ba da kyauta. Ta haka kaset ya yi ta yawo hannu da hannu, wanda bai taɓa ganinsu ba ya ji, ya ce shi ma sai ya je, gama gani ya kori ji.

Kasuwa mai tafiya

To, da me mutum zai ci abinci, ya sha wa mota mai, ya sayi tikiti, in ba ya aiki? Filin ajiye motoci na kowane wurin wasa shi ne ya zama kasuwarsu. Tun da hantsi motoci suke fara isowa, yawancinsu tsofaffin ƙananan bas na Volkswagen, an cire kujeru an shimfiɗa katifa. Kafin la'asar layi guda ya cika da 'yan tireda. Mabiya suna kiran layin nan Shakedown Street, sunan wani faifan ƙungiyar na 1978.

Wani ya kafa risho yana gasa burodi da cuku, yana sayar da ɗaya dala guda. Wata tana naɗe wake da shinkafa cikin waina. Wani ya baza rigunan da ya rina da kansa, irin rinin da ake ɗaure ƙyalle kafin a tsoma shi, sai dai nasu launi barkatai ne, ja da kore da ruwan ɗorawa. Akwai masu sarƙar duwatsu, da masu ruwan sanyi, da masu giya. Abin da mutum ya samu yau shi ne kuɗin man da zai kai shi gari na gaba. In an tashi wasa da tsakar dare, waɗansu su kwana a filin, waɗansu su kama hanya nan take, mutum huɗu ko biyar suna karɓa-karɓar tuƙi har gari ya waye.

Wanda bai sami tikiti ba yakan yi ta zagaya filin da yatsa ɗaya a sama. Ma'anarsa yana neman tikiti guda, in da hali kyauta. Suna kiran irin wannan kyauta "mu'ujiza", daga sunan wata waƙar ƙungiyar. Sau da yawa kuwa akan sami wanda yake da ragowa, ya miƙa wa baƙon da bai taɓa gani ba, ya wuce abinsa. Wanda aka yi wa haka yakan riƙe abin a zuci, wata rana shi ma ya yi wa wani.

Har zuwa Afirka

Bin nan bai tsaya a Amurka ba. A 1972 ƙungiyar ta zagaya ƙasashen Turai. A watan Satumba na 1978 kuma suka zo Masar, suka yi wasa dare uku a gindin dalar Giza, waɗansu mabiya kuwa suka haye teku suka biyo su. Wani mawaƙi ɗan ƙabilar Nuba, Hamza El Din, ya yi wasa tare da su. A dare na uku aka yi husufin wata suna cikin kiɗa, abin da waɗanda suka je ba su daina ba da labarinsa ba.

Nijeriya ma tana da hannu a labarin. Mickey Hart mutum ne mai son gangunan ƙasashe dabam dabam, ya kuwa ɗauki Babatunde Olatunji tamkar malaminsa. An haifi Olatunji a 1927 a Ajido kusa da Badagry, ya tafi karatu Amurka a 1950, ya zama shi ne ya fara sanar da Amurkawa da yawa gangar Afirka. A daren ƙarshe na shekarar 1985 shi ya buɗe wa Grateful Dead wasa a birnin Oakland. A 1991 Hart ya fitar da faifan Planet Drum tare da Olatunji, da Sikiru Adepoju mai kaɗa gangar Yarabawa irin ta kalangu, da waɗansu makaɗa na ƙasashe dabam. Faifan nan ne ya fara cin lambar Grammy ta kiɗan duniya a 1992. Olatunji ya rasu a 2003.

Abin da hanya ta ba su

In an tambayi tsofaffin mabiya abin da suka fi tunawa, da yawa sukan fara da mutane kafin su zo kan kiɗa. Yaron da a makarantarsu ba mai kula da shi, a gida kuma kowa yana gaban talabijin, sai ya zo filin nan ya iske ana kiransa da suna. An san motarsa, an san abin da yake sayarwa, in bai zo ba a tambaya. In motarsa ta mutu a hanya, wata bas mai irin tambarin nan za ta tsaya. In ba shi da abinci, wani zai raba nasa biyu. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Waɗannan kuwa kullum a kan ƙafa suke, suna haɗuwa da fuskoki ɗaya a gari 10 ko 15 a jere.

Abin ya kai har masana suka sa ido. A 1989 wata malamar jami'a a jihar Karolina ta Arewa, Rebecca Adams, ta ɗauki ɗalibanta masu nazarin zaman jama'a, suka bi ayarin domin su ga yadda al'umma take tsayawa ba tare da gari ko unguwa ba. Cikin mabiya kuma akwai mutanen da suka yi suna. Bill Walton, shahararren ɗan ƙwallon kwando wanda ya rasu a 2024, ya ce ya ga wasansu fiye da sau 850. Patrick Leahy, wanda ya yi shekara 48 a majalisar dattawan Amurka, shi ma sanannen mai zuwa wasansu ne.

Akwai kuma wata ƙungiya cikin mabiya da ta cancanci yabo. Sunanta Wharf Rats, watau ɓerayen tashar jiragen ruwa, daga wata waƙa mai ba da labarin wani mashayi da ya lalace. Waɗannan mutane ne da giya ko ƙwaya ta taɓa kayar da su, suka daina, amma ba su so su rabu da kiɗan ba. Tun cikin shekarun 1980 sukan ɗaga balan-balan masu ruwan ɗorawa domin a gane inda suke. Lokacin hutun tsakiyar wasa sai su taru a da'ira, kowa ya faɗi kwana nawa ya yi bai sha ba, su ƙarfafa juna. Wannan ya nuna mana abu biyu. Akwai masu riƙon juna da gaske a cikin ayarin. Akwai kuma abin da ya sa ake bukatar irin wannan riƙo.

Abin da hanya ta ci

A filin nan da ake sayar da burodi da riguna, a nan ake sayar da LSD, da wiwi, da wata iska mai sa maye da ake ɗurawa cikin balan-balan. Ribar ƙwaya ta fi ta burodi nesa ba kusa ba. Yaron da kuɗin mai ya yanke masa a gari mai nisan mil 1,000 daga gida, jarabar tana gabansa.

A 1986 Amurka ta kafa doka mai tsanani. Wanda aka kama yana sayar da LSD mai nauyin giram 1, ɗaurin shekara 5 ne mafi ƙanƙanta. In ta kai giram 10, shekara 10 ne, alƙali kuma ba shi da ikon ragewa. Ita ƙwayar kusan ba ta da nauyi, ɗiga ta ake yi a kan takarda. Amma a 1991 kotun ƙoli ta yanke cewa za a auna har da takardar. Ta haka matasa da yawa cikin mabiya suka shiga kurkuku na shekaru masu yawa, 'yan sandan ciki kuwa suna yawo a filin sanye da rigunan rini kamar kowa. Akwai wani saurayi mabiyi da aka yanke wa ɗaurin rai da rai a 1994, saboda an taɓa kama shi sau biyu kafin nan. Sai a 2016 Shugaba Obama ya sassauta masa, ya fito a 2018. Ya shiga yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya fito ya doshi hamsin.

Su kansu makaɗan ba su tsira ba. Ron McKernan, wanda aka sani da yawan shan giya, ya mutu a 1973 yana da shekara 27 bayan fama da ciwon hanta. Brent Mydland, mai kaɗa musu piyano, ƙwaya ta kashe shi a 1990 yana da shekara 37. Garcia kansa ya yi shekaru yana fama da hodar iblis da tabar heroyin, ga ciwon sukari. A 1986 ya yi doguwar suma ta kwanaki, da ya farfaɗo sai da ya sāke koyon kaɗa jita.

Akwai kuma asarar da ba a rubuta ta a jarida. Shekarun da mutum yake koyon sana'a, ko ya gama karatu, ko ya kafa gida, su ne waɗansu suka ƙare a bayan mota. Kaka ta mutu ba su nan, ƙanwa ta yi aure ba su nan. Iyaye kuwa, a zamanin da babu wayar hannu, sukan yi makonni suna jiran kati ɗaya daga gidan waya. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Da dambu ya yi yawa

Shekara 20 da ɗoriya ayarin yana da girman da mutane za su iya sanin juna su kuma tsawata wa juna. A 1987 sai wata waƙarsu mai suna Touch of Grey ta shiga cikin waƙoƙi 10 da aka fi so a Amurka, abin da bai taɓa faruwa gare su ba. Rediyo da talabijin suka ɗauka. Sababbin mutane suka kwararo, da yawa ba kiɗan ya kawo su ba, labarin shagalin filin mota suka ji. Dubbai sukan zo ba tikiti, ba su ma da niyyar shiga. Shara ta yi yawa, maƙwabta suka yi ta kuka, waɗansu garuruwa suka ce kada ƙungiyar ta sāke zuwa. A ƙarshen 1989 makaɗan suka hana kwana da ciniki a wuraren wasansu, amma hanin bai kama sosai ba. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Zagayen tsakiyar 1995 shi ne mafi muni. A watan Yuni tsawa ta faɗa wa mabiya uku a wajen filin wasa na birnin Washinton. Ran 2 ga Yuli, a wani wuri mai suna Deer Creek a jihar Indiyana, marasa tikiti suka karya shinge suka kutsa ciki, aka yi arangama da 'yan sanda, har aka soke wasan kashegari. Makaɗan suka rubuta wa mabiya wasiƙa mai zafi, suna gargaɗi cewa in ba su gyara halinsu ba tafiyar za ta ƙare. Bayan 'yan kwanaki, a wani sansani a jihar Misuri, rumfar da mabiya suka taru a kanta da ƙarƙashinta ta rushe, mutum fiye da 100 suka ji rauni. Ran 9 ga Yuli suka yi wasa a filin Soldier Field na Shikago. Ba wanda ya san shi ne na ƙarshe. Ran 9 ga Agusta 1995 Garcia ya mutu da ciwon zuciya, a gidan jiyyar masu son rabuwa da ƙwaya, yana da shekara 53. A watan Disamba sauran suka sanar cewa sun ajiye sunan ƙungiyar.

A nan bambanci ya fito fili tsakanin mabiya iri biyu. Wanda yake da aiki da gida, yake bi lokacin hutunsa, ya yi baƙin ciki ya koma bakin aikinsa da kaset ɗinsa da abokansa. Wanda kuwa ya sa dukan rayuwarsa cikin ayarin, ya wayi gari ba kasuwa, ba maƙwabta, ba inda zai nufa gobe. Waɗansu suka koma bin wata ƙungiya mai suna Phish. Waɗansu suka koma gida suna da shekara 30 ko 40, suna fara abin da tsararsu suka fara tun tuni.

Kiɗan dai bai mutu ba. A 2015 huɗu daga cikin tsofaffin makaɗan suka yi wasan cika shekara 50, dare uku a filin nan na Shikago, kowane dare mutum wajen 70,000. A shekarar kuma aka kafa Dead & Company tare da wani mawaƙi mai suna John Mayer, suka yi ta zagaye har 2023. Phil Lesh ya rasu a 2024 yana da shekara 84. A watan Agusta na 2025 aka yi wasan cika shekara 60 a San Faransisko, inda aka ga masu furfura tare da jikokinsu. Kaset ɗin da aka yi ta musaya kuwa, dubbansu suna intanet, kowa yana iya ji kyauta.

Mu fa, ina ruwanmu?

Wataƙila ba ɗanmu ko ɗaya da zai bi makaɗan rok a bas. Amma mun san samari masu bin ƙungiyar ƙwallo jiha jiha, da masu tara kuɗin wata uku domin su je Legas ko Abuja kallon mawaƙi. Waɗansu 'ya'yanmu kuma suna karatu a Turai da Amurka, inda irin wannan tafiya take a buɗe gare su. Ga abin da muka gani cikin labarin nan.

In yaro ya ce zai yi irin wannan tafiya, tsawa kaɗai ba ta isa ba. Mu zauna mu tambaye shi abin da yake so a kiɗan, mu saurara har ya gama. Tafiya mabuɗin ilmi ce, son kiɗa kuma ba laifi ba ne. Sa'an nan mu yi lissafi tare da shi. Da wa za ka? Ina za ku kwana? Tikiti yana hannu, ko sai an je? Kuɗin komowa yana ina, an ware shi dabam? Wace rana za ka dawo, me kuma yake jiranka in ka dawo? Mun ga cewa waɗanda tafiyar ta yi wa daɗi su ne masu ranar komowa. Waɗanda ta cinye kuwa, sau da yawa kuɗi ne ya yanke musu a nesa, suka karɓi abin da bai kamata su karɓa ba. Mu faɗa wa yaro a fili cewa in ya makale ya kira gida, za a aiko masa da kuɗin mota, faɗa kuwa sai ya iso.

Sa'an nan mu dubi gidajenmu. Abin da filin mota ya ba waɗancan yara shi ne wurin da aka san sunansu, ake bukatar aikin hannunsu, ake kuma lura in ba su zo ba. Wannan bai fi ƙarfin kowane gida ba, ko na mai kuɗi ko na talaka. A ci abinci tare. A ba saurayi aikin da in bai yi ba za a ji a jika, a kuma gode masa in ya yi. A bar abokansa su shigo zaure, mu san su, su san mu. A tambayi budurwa ra'ayinta a kan abin da ya shafi gida. Yaron da ya san ana jiransa zai iya zuwa kallon makaɗa har dare uku a wani gari, ran na huɗu kuwa mu ji sallamarsa a ƙofa.